Mai Kulki a Tandabawi

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya same ni ina ta lalube a waya ina neman wani fim. Ya karɓe, ya ɗan danna, ya miƙo min. Sai ya ce, rabi da Hausa rabi da Larabci kamar yadda ku 'yan nan kuke yi, "Kawu, wai wannan ita ce sana'ar da ka yi? Kwafa da turawa? Ai ko jariri ya iya." Abokansa suka bushe da dariya. To tunda ga ku nan duka, ku gyara zama.

Na zo Makka aikin hajji ne, na kuma zauna, kamar yadda mutanenmu da yawa suka yi. Wanke-wanke na fara a wani gidan abinci, sannan Alhaji Ɗanliti ya ɗauke ni. Bakano ne, tsoho, mai ƙaramin shago a wani lungu na Tandabawi, tsakanin mai kayan masarufi da wani tela. In ka shigo, kaset ɗin karatu da wa'azi za ka gani, da carbi da turare. Bayan labule kuma fina-finai ne har rufi. Ba gidan kallo a garin nan, don haka duk wanda ya gaji da aiki yake son ya ga wata duniyar, lungunmu yake biyowa.

Abu na farko da Alhaji ya koya min shi ne goge faifai. Ya ba ni ƙyallen auduga mai laushi, ya ce daga tsakiya ake jawowa zuwa baki, a miƙe, ba a zagayawa. In ka zagaya, ƙarzar za ta bi layin fim ɗin, sai ya tsaya cak. Abu na biyu, ba a ba mutum fim sai an kalle shi har ƙarshe. Wannan dokar tana da dalili. Kafin zuwana, wata Hajiya mai sayar da tuwo ta karɓi fim ɗin Indiya don matan da suka taru mata suna. Ana daf da gane uban jarumar, faifai ya daskare. Alhaji ya ce da muciya a hannu ta zo shagon, kuma sai da ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ta sauran labarin da baki, daga kansa yake ƙirƙira, kafin ta sauke hannu.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai injin kwafi mai bakuna jere, wanda in ya yi zafi sai an kafa masa fanka shi kaɗai, mu mu sha gumi. Akwai tsohuwar kwamfuta, da alƙalamin rubutu a kan faifai, da ledar sakawa. Sai makirfo, wanda muka sa wa safa don kada numfashi ya shiga. Da shi nake fassara. Ɗakin fassarar wani ɗan loko ne da muka liƙa wa barguna, kuma dole a kashe na'urar sanyaya ɗaki saboda ƙara. Ku dubi zafin garin nan, ku sa mutum cikin barguna, ku ce ya yi muryar sarki, ya yi ta 'yarsa, ya yi ta ɓarawo, duk da maƙogwaro ɗaya. In na fito, sai in matse singileti kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Sai yanka. Nan Makka ce, kuma fim ɗin zai shiga ɗakin da uwa da 'ya'ya suke zaune. Duk abin da bai dace ba sai an cire, a kuma haɗe bakin yadda ba wanda zai lura. Mai gaggawa zai yanke kawai, sai ka ga mutum yana cikin mota, ƙiftawar ido yana asibiti. Ni sai in nemo hoton titi ko na gajimare daga wani wuri a fim ɗin in sa a tsakani, in ɗora murya in ce, "Bayan wasu kwanaki."

Amma duk wannan hannu ne. Ainihin sana'ar ita ce sanin mutum. Kowa ya shigo cewa yake, "Ba ni mai kyau." Mai kyau a wurin wa? Direban da ya wuni a cunkoso duka yake son gani. Matar da ta bar 'ya'ya a gida, ka ba ta na kuka, ta yi kukanta ta huta. Wanda aka yi wa rasuwa kuwa, kada ka kuskura, ba shi na dariya. Alhaji yakan kalli tafiyar mutum tun daga bakin lungu ya ce min, "Habu, ɗauko na yaƙin nan." Kuma shi ɗin za a tambaya.

Da tsufa ya kama Alhaji ya koma Kano, ya bar min shagon. A shekarar ne, wajen dubu biyu da sha ɗaya, wani faifai ya zo a ƙasan kwalin da na saro daga Jidda, gyara aka yi min da shi. A bangon akwai wani ƙato da hular hana-sallah, ya ɗaga kulki a kafaɗa. Na kalle shi ban gane komai ba, Turanci ne zalla. Wani direba ya gani ya nace sai na ba shi. Washegari ya dawo ya ajiye min a kan tebur.

"Malam Habu, wannan wane irin wulaƙanci ne? Mutum da kulki a hannu tun daga farko har ƙarshe, bai doki kowa ba!"

Akwai wani ɗalibi ɗan Zariya, Malam Nura, da yake karatun hadisi a jami'a. Yakan zo sayen kaset ɗin karatu, kuma yana jin Turanci sosai. Na roƙe shi ya duba min. Ya ce shi dai a matsayin taimako zai kalla, kuma a saki labule. Bai tashi ba sai da fim ya ƙare, shayinsa ya huce a gabansa.

Shi ya fahimtar da ni wasan. Besbol ake ce masa, na Amurkawa. Ɗaya ya jefo 'yar ƙwallo mai tauri da gudun tsiya, ɗaya ya tare ta da kulki. In ya doke ta ta tsallake katangar fili, sai ya zaga filin a tsanake, ba mai iya tsayar da shi. Ana lissafa wa kowa nasa, kuma akwai wani tsoho da ya daɗe yana riƙe da kambun, ba wanda ya kamo shi. Jarumin fim ɗin ya fara manyanta, gwiwa na ciwo, ana shirin sallamarsa. Sai wani ya kawo masa allurar ƙara ƙwanji. Damatsa suka kumbura, wuya ya cika, ya dinga aika ƙwallo bayan katanga har ya wuce tsohon. Daga baya asiri ya tonu. Masu yi masa tafi suka koma ihu, aka shiga gardamar ko a share sunansa ko a bari. Fim ya ƙare ba a yanke hukunci ba, sai ga shi shi kaɗai a fili yana juya kulki.

Na shiga barguna na fassara shi, Malam Nura yana faɗa min ma'ana ina zuba ta a bakinmu. Dukan da ke wuce katanga na sa masa suna tsallake. Fim ɗin kuwa na rubuta a kansa, Mai Kulki.

Bai karɓu ba. Mata suka ce ba waƙa, direbobi suka ce ba duka. Amma wata Juma'a bayan la'asar na kunna shi ina gwada wani inji da na gyara, wasu leburori da masu tura arabiyya suna zaune a bayan labule suna shan sanyi. Arabiyya dai kun sani, keken da ake tura tsofaffi da marasa lafiya a ɗawafi da safa da marwa. Sai na ji hira ta mutu. Da na kai hannu zan kashe, wani ya ce, "Bar shi mana."

Daga ranar suka mayar da shi wurin zuwa duk Juma'a. Ba su da yawa, ba su cika tabarma biyu ba, amma sun haddace shi tas. Kafin in faɗi magana a talabijin sun riga ni. Akwai inda na sa jarumin ya ce, "Allura ba ta da ido, ni na ga ƙwallon." Wannan ta zama gaisuwa a lungu. Kuma duk kallo da gardama yake ƙarewa. Wasu su ce ƙarfin aro ne, a share. Wasu su ce a ba ka allurar a ba ka kulkin mu gani. Mutanen da ba su taɓa ganin filin wasan ba, har jijiyar wuya.

Mutum biyu ne ginshiƙan majalisar. Na farko Baba Isiyaku, Basakkwace, siriri kamar sanda, mai tura arabiyya. In lokacin hajji ya zo, shi ne shugaban leburori na wani mai kwangilar abinci a Arfa. Yana da labarin da kowa ya sani: wata shekara motar da ta ɗauko leburori ta maƙale a cunkoso, ga motar ruwa ta iso, ga alhazai cikin rana. Baba Isiyaku shi kaɗai ya sauke motar nan kwali-kwali kafin azahar. Shekara da shekaru ana ba da labarin, kuma in ana bayarwa sai ya sunkuyar da kai yana ɓare goro, amma bai taɓa cewa a daina ba.

Na biyu Mamman, ɗan Kano, bai wuce talatin ba, mai dako a kasuwar Zahir. Yaro mai fara'a, mai son a san da shi. Ya fara zuwa wani gidan ɗaga ƙarfe a saman shaguna can Zahir ɗin. Cikin 'yan watanni rigunansa suka daina shigarsa. Ƙuraje suka feso masa a baya, ga saurin fushi da ba mu san shi da shi ba. Kowa ya gani, ba wanda ya yi magana. Sai dai in an zo gardama, shi ne lauyan Mai Kulki.

Hajjin shekarar suna Arfa tare. Motar ruwa ta iso, Mamman ya ce wa mai kwangila kowa ya matsa, shi kaɗai zai sauke. Ya kuwa sauke ta, rana ba ta ma kai tsaka ba. Wani ya ɗauka a waya. Bayan salla suka kawo min, hoto na rawa, iska na bugun makirfo. Na yanke inda mai ɗauka ya nuna ƙafarsa, na rage gudu a inda Mamman ya ɗora kwalaye har sun rufe masa fuska, na sa kiɗan ganga a ƙasa, na ɗora muryar da nake yi wa Mai Kulki. Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Daga waya zuwa waya ya zaga Tandabawi, har Madina aka ce an gan shi.

Juma'ar da ta biyo baya ba a ma kunna fim ba. Wani tela ya dubi Mamman ya ce, "Tsakani da Allah, kana yin allurar nan ko ba ka yi?"

Mamman ya ce, "Ina yi. Sai me? Ka ga allura ta ɗauki kwali ko ɗaya? A bayana suka hau."

"To ai ba ka kamo Baba ba ke nan. Shi da goro ya yi nasa."

Baba Isiyaku ya mayar da goronsa aljihu. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya ce yana da tsohuwar da zai kai ɗawafi. Abin da ba mu sani ba a lokacin, mai kwangila ya riga ya gaya masa cewa baɗi Mamman ne shugaban leburori. Wannan aikin na Arfa kuwa shi ne abin da Baba yake aika wa iyalinsa mai kauri a shekara. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga shagon. In mun haɗu a masallaci mu gaisa, shi ke nan.

Shekarar wahala ba da abu ɗaya ta zo ba. An tsananta binciken igama, wato takardar zama, mutane suka daina yawo sai dole. Aka rushe wasu lunguna na kusa da mu, kwastomomina suka watse, wasu Jidda, wasu gida. Ga kuma waya ta fara kawo fim da kanta. Kwalayen faifai suka zauna a ɗaki har zafi ya lanƙwasa su, ka ɗauko ɗaya ka ga ya yi kamar faranti. Injin kwafi na sayar wa masu gwangwan. Na koma tura fim a memori kawai, kuma hajjin shekarar ni ma na je Arfa rabon abinci, da furfurata, ina sanye da rigar leburori.

A can na lura Mamman ba daidai yake ba. Shugaba ne, amma a zaune yake ba da umarni, yana haki. Bayan an sauko ya kwanta. Ƙafafu suka kumbura, ido ya yi ɗorawa. Ba shi da igama, don haka asibiti tsoro yake ba shi. Wani likita ɗan gida da ya zo umara ya hau har ɗakinsa ya duba shi, ya ce ƙoda ce da hanta, kuma ba abin wasa ba ne. Lokacin an ba marasa takarda damar su fita da kansu. Mamman ya ce zai tafi gida, in mutuwa ce ma gara a gaban mahaifiyarsa.

Ana gobe zai tafi ya aiko a kira ni in zo da kwamfuta. Ɗakinsa can saman dutse yake, matakala ce har ka gaji. Na same shi ya zube, damatsan nan duk sun saki. Ya miƙo min memori ya ce in cika masa na hanya. Na zuba masa na barkwanci, irin waɗanda Alhaji ya koya min a ba marar lafiya.

Ya duba ya ce, "Ina Mai Kulki?"

Na ce, "Mamman, wannan ba na majinyaci ba ne."

Ya ce, "Kawu Habu, duk cikinku ni kaɗai na san abin da mutumin nan yake ji a filin nan na ƙarshe. Sa min."

Na sa masa. Ko ka shekara nawa kana karantar mutane, wani zai zo ya fi ka sanin abin da yake so, kuma sai ka ba shi.

Da safe matsala ta taso. Mota ba ta hawa can, shi kuma ba ya iya taka matakala. Muna tsaye 'yan majalisa muna shawarar ko a goya shi, sai muka ji ƙarar taya. Baba Isiyaku ne, ya naɗe arabiyyarsa ya saɓo ta a kafaɗa yana hawowa. Ba wanda ya aika masa. Ya buɗe ta a ƙofar ɗaki, ya shimfiɗa darduma a kan mazaunin.

Ya ce, "Ku ɗora min wanga yaro. Ku kuma ku matsa, ba ku iya ba."

Da baya-baya ya dinga sauko da shi, yana tokare keken da cinya, taka ɗaya bayan ɗaya, ko girgiza babu. Mamman ya rufe fuska da hula. Sai da muka iso shimfiɗaɗɗen titi ya buɗe, ya ce a hankali, "Baba, ka yafe min. Na ci maka abinci."

"Abinci na Allah na. Gyara ƙahwarka kar ta taɓa taya."

Aka ɗan yi tafiya. Mamman dai bai haƙura ba, ya sake ɗago kai.

"Baba, don Allah in tambaye ka. Yau ba gardama, tafiya zan yi. Tsakanina da kai, wa ke riƙe da kambun Arfa?"

Baba Isiyaku ya tsayar da keke. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tofar da goro gefe.

Ya ce, "To bari in hwaɗa maka. Motar da kuka ta ba da labari tun kana yaro, 'yar ƙarama ce. Ba ta kai rabin taka ba. Kuma direban ya kama min."

Tela ya dafe kai ya ce, "Baba! Shekara da shekaru!"

"Wa ya tambaye ni girmanta?"

Mamman ya yi dariya har da hawaye, yana riƙe ciki yana cewa a bari, zai yi masa ciwo. Haka muka sa shi a mota yana share ido. Ya isa gida, ya daɗe a asibiti, Allah kuma ya tashi kafaɗunsa. Yanzu yana sayar da kayan waya a Kano, ya rame ya koma yadda muka fara saninsa.

Ni kuwa ƙarshen watan da ya tafi na mayar wa mai gida makullin shago. Juma'ar ƙarshe 'yan majalisa suka zo, har da Baba Isiyaku, muka zauna a kan kwalaye tunda na riga na naɗe tabarmi. Na kunna Mai Kulki a kwamfuta. Ana gamawa, kamar kullum, gardama ta tashi, sai dai yau ba a kan Ba'amurken ba ce. Wasu suka ce Mamman da allura ya yi, nasa bai shiga ba. Wasu suka ce Baba da ƙaramar mota ya yi, ga kuma direba, nasa ma bai shiga ba. Tela ya miƙe tsaye ya ce shi a ganinsa adalci ɗaya ne, a share sunansu duka biyun.

Baba Isiyaku ya kurɓi shayi, ya ajiye kofi a kan kwali.

Ya ce, "A share? Ina anka rubuta shi?"